Shagon Littattafan Shari'a na Hanyar Kongo: Abin da Na Gani Cikin Shekara Biyu

Shekara biyu ke nan ina sayen littattafai da buga takardu a wani shago da ke kan hanyar da ta tashi daga Tudun Wada zuwa Kongo, kuma tun da abokan aiki suna yawan tambayata inda nake samun kayan da nake shiga aji da su, na ga ya dace in rubuta abin da na gani a wurin, mai daɗi da marar daɗi. Ni malamin ilimin manya ne. Kwana biyu a mako ina koyar da karatu da lissafi a wani gidan gyaran hali bisa izinin hukumar gidan, sauran kwanakin kuma ina fama da kundin digirina na biyu, wanda ya shafi yadda ake ilimantar da ɗaurarru da masu zaman jiran shari'a. Saboda haka buƙata biyu nake kai wa shagon nan: littattafan doka da zan dogara da su a bincike, da takardun karatu da za su iya tsallake ƙofar gidan yari su isa hannun ɗalibaina.

Shagon ɗaki biyu ne ciki da falo. A na gaba akwai kantoci har rufi, cike da littattafan shari'a, sababbi da na hannu, domin yawancin masu zuwa ɗaliban Tsangayar Shari'a ne ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda take nan Kongo, sai kuma ma'aikatan kotu da lauyoyi masu tasowa. A ɗakin baya akwai kwamfuta biyu, da injin fotokwafi, da teburin ɗinkin littafi. Mai shagon dattijo ne da ya yi ƙuruciyarsa a aikin ɗab'i, kowa Baba yake ce masa, yana da yara biyu masu taya shi.

Abin da ya fara kai ni wurinsa matsala ce da na jawo wa aikina saboda rashin sani. Na tsara darussa ashirin na koyon karatu, na kai wani wuri aka buga mini kwafi talatin, aka ɗinke kowanne da wayar nan mai murɗe da ake sa wa kundin ɗalibai. Da na isa ƙofar gidan, gandiroban da ke bincike ya ɗauki guda ɗaya, ya ja bakin wayar da farce har ta fito kamar tsawon yatsa, ya nuna mini tsininta, ya ce cikin ladabi, “Malam, wannan ba za ta shiga ba.” Gaskiyarsa ce, domin duk wani ƙarfe mai tsini yana iya zama makami a wurin da mutane suke cunkushe, kuma ban yi masa gardama ba. Na koma da kayana a buhu, ɗalibai suka wuni ba darasi. Washegari wani abokina ya yi mini kwatancen shagon Baba. Da na zazzage masa littattafan a kan tebur na faɗa masa inda za su, bai yi mini tambayoyin da mutane suka saba yi ba, irin su me ya kai ni koyar da ɓarayi. Ya juya ɗaya a hannu, ya ce, “Malam, na gidan yari ba a sa masa ƙarfe ko ɗaya, ko ɗan ƙaramin nan na maƙale takarda. Zare ake sa masa.” Ya sa yaro ya warware wayoyin duka, ya ɗauko basilla da zaren lilo mai kauri, ya huda kowane littafi wuri biyar a gefe, ya ɗinke, ya shafa gam, ya naɗe gindin da ƙyalle. Ya ƙi sa bangon kwali mai tauri, ya ce masu bincike kan ɓanɓare shi don su ga ko an ɓoye wani abu a ciki, sai littafin ya lalace tun bai shiga ba. Ya sa bango mai laushi da ake iya lanƙwasawa a duba. Littattafan nan talatin suka shiga ba a mayar da ko ɗaya ba, kuma har yau wasu daga cikinsu suna yawo daga hannu zuwa hannu, sun yi baƙi da gumi amma ɗinkin bai saki ba.

Wannan fahimta ita ce babbar darajar shagon a wurina, kuma ban same ta a wani wuri a Zariya ba. Baba ya gane cewa littafin da zai shiga gidan gyaran hali ba ɗaya yake da na ɗalibin jami'a ba. Shi ne ya ba ni shawarar in ƙara girman baƙaƙen rubutu, domin da yawa daga cikin ɗalibaina manya ne da idonsu ya fara rauni, ɗakunan kwanansu kuma ba su da isasshen haske. Shi ne ya ce a riƙa barin fili mai faɗi a ƙarshen kowane shafi, saboda mutumin da ba shi da littafin rubutu a jikin darasin zai yi aikinsa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun ce a ƙa'ida ta 64 kowane gidan yari ya kasance yana da laburare, a ta 104 kuma sun wajabta ilimantar da fursunonin da ba su iya karatu ba da kuma matasa. Sashe na 14 na Dokar Hukumar Gyaran Hali ta Najeriya ta 2019 shi ma ya ɗora wa hukumar alhakin samar wa ɗaurarru damar ilimi da koyon sana'a. Duk waɗannan na sha kawo su a kundina, amma a aikace na ga cewa abin da yake tsakanin doka da ɗalibi wani lokaci bai wuce zare da basilla ba.

Game da littattafan doka kuwa, kantar gaba tana da abin da ɗalibin shari'ar laifuffuka yake nema na yau da kullum: Kundin Tsarin Mulki na 1999 ɗan ƙarami na aljihu, da dokar Final Kot, wato dokar hukunta laifuffuka, da Dokar Shaida ta 2011, da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta tarayya ta 2015, da tsofaffin mujalladan hukunce-hukuncen manyan kotuna da lauyoyi suka sayar ko magadansu suka kawo. Na hannun suna da rahusa sosai, kuma Baba yakan bar mutum ya zauna a benci ya duba littafi har tsawon sa'a guda ba tare da an matsa masa sai ya saya ba.

Sai dai a nan ne na gamu da aibin shagon da ya fi ɓata mini rai, kuma dole in faɗe shi saboda yana iya cutar da wanda bai sani ba. Ba a raba dokar da take aiki da wadda aka soke. A farkon bincikena na sayi wani tarin dokoki mai sabon bango, na ɗauka sabon bugu ne, na yi mako biyu ina rubuta babi a kansa, sai malamin da ke duba aikina ya nuna mini cewa tsohuwar Dokar Gidajen Yari nake kawowa, wadda asalinta dokar soja ce ta 1972, alhali an soke ta tun 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar da ta mayar da Hukumar Gidajen Yari ta koma Hukumar Gyaran Hali. Bambancin da ke tsakaninsu ba na suna kaɗai ba ne. Sabuwar dokar ta raba aikin hukumar gida biyu, da na tsarewa da na hukuncin da ba sai an kulle mutum ba, kamar aikin al'umma da sakin talala, ta kuma ba shugaban hukumar na jiha ikon ƙin karɓar sababbin mutane idan gida ya cika ya wuce ƙima. Wanda ya karanta tsohuwar ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Haka kuma ƙananan kundin tsarin mulkin da ke kan kanta yawancinsu an buga su ne kafin gyaran 2023, wanda ya cire gidajen yari daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai take da iko a kansu, ya ba jihohi damar kafa nasu. Akwai kuma ruɗani na uku da ya shafi mu mutanen jihar nan kai tsaye: Final Kot ɗin da aka fi sayarwa shi ne na tsohuwar Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960, alhali Jihar Kaduna ta yi nata Final Kot da nata dokar gudanar da shari'ar laifuffuka tun 2017, kuma da su ake hukunta yawancin mutanen da nake koyarwa. Sai da na nemi na Kaduna sau uku kafin aka kawo.

Da na mayar da littafin, Baba bai yi musu ba. Ya ce, “Ka yi haƙuri, Malam, ni ɗinki na sani, ba shari'a ba,” ya karɓa ya musanya mini da wani, ya cika mini sauran kuɗina. Na yaba da wannan hali, amma na roƙe shi ya ware kanta guda ya rubuta a jikinta cewa dokokin da ke nan an soke su, don masu binciken tarihi kawai. Ya amsa da to, ya kuma yi na ɗan lokaci, sai dai da yaran suka yi sharar ƙarshen shekara komai ya sake cakuɗewa. Ranar da na je ta ƙarshe, da idona na ga tsohuwar dokar a gefen sabuwar, bangonsu kusan iri ɗaya.

Ɓangaren nazarin laifi da hukunci bai taka kara ya karya ba. Abin da ke akwai yawanci tsofaffin littattafai ne daga Ingila da Amurka, masu amfani wajen fahimtar ra'ayoyin masana, amma misalansu na ƙasashensu ne. Mai son ya san yadda tsarewa take a ƙasar Hausa, tun zamanin da Yari yake riƙe da gidan ɗaurarru a ƙarƙashin sarki, wanda daga sarautarsa ne muka sami kalmar gidan yari, zuwa zamanin gidajen yarin En'e da gwamnatin tarayya ta karɓe a 1968, ba zai sami komai a nan ba, sai ya tafi Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru ko Gidan Arewa a Kaduna. Abu ɗaya da na ga Baba ya tsaya a kai, na kuma girmama shi saboda shi, shi ne ba ya ajiye kundin ɗalibi a kwamfutarsa don ya sayar wa wani ya canza suna. A gabana ya sallami wani saurayi da ya zo neman haka.

Rashin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na littattafan Hausa, kuma ban ɗora wa shagon laifinsa duka ba, domin ba ya sayar da abin da ba a buga ba. Amma abin da ciwo a ce a Zariya ake wannan nema. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, a nan Hukumar Adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, ta zauna a shekarun 1950 tana buga ƙananan littattafai masu araha don yaƙi da jahilci, waɗanda iyayenmu suka koyi boko da su suna manya. Yau ka shiga shagon littattafai a wannan gari ka nemi ɗan littafin da zai bayyana wa manomi da Hausa mene ne beli, ko mene ne bambancin kotun majistare da babbar kotu, sai a miƙo maka littafin koyon baƙaƙe na 'yan firamare mai hoton ƙwallo da kyanwa. Na taɓa gwada irin wannan a aji, wani magidanci mai 'ya'ya bakwai ya dube shi ya ture, bai ce komai ba, kuma bai dawo darasi ba sai bayan mako biyu. Babba yana son ya koyi karatu da abin da ya dame shi, kuma abin da ya dami ɗalibaina shi ne shari'arsu. Kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran halin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, zaman jira suke yi, ajina ma haka yake.

Wannan ya sa na yanke shawarar rubuta nawa, kuma a nan shagon ya sake yi mini rana. Na ɗauki sashe na 35 da na 36 na tsarin mulki na mayar da su Hausa mai sauƙi, wani lauya abokina ya duba ya gyara, jami'in walwala na gidan ya karanta ya amince. Takardar shafi huɗu ce. Ta bayyana cewa wanda aka kama dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, sai fa in laifin da ake zarginsa na hukuncin kisa ne. Cewa duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Cewa yana da haƙƙin a faɗa masa tuhumar da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Cewa bai halatta a ci gaba da tsare mai jiran shari'a fiye da iyakar ɗaurin da doka ta tanadar wa laifin ba. Da kuma cewa akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfin ɗaukar lauya. Yaron da ke kan kwamfuta ya fara buga mini ita ba ƙugiya ko ɗaya, ya mayar da ɗauri dauri, ya mayar da ƙara kara. Baba ya leƙo ta kafaɗarsa, ya karanta layi biyu, ya ce, “Kai, wannan yaro, kara ake kaiwa kotu ko ƙara? Karan dawa za ka ba alƙali?” Ya zaunar da shi ya nemo baƙaƙe masu ƙugiya, suka bi takardar kalma bayan kalma har bayan sallar isha'i, bai ƙara mini ko kwabo a kan abin da muka yi ciniki ba. Ga wanda yake koyon karatu, ƙugiyar nan ita ce bambancin ganewa da ruɗewa, kuma tsohon ma'aikacin ɗab'i ne kaɗai zai damu da ita haka.

Da takardar ta shiga aji, wani matashi makanike da ya yi wata goma sha ɗaya yana jira ya bi layin da ya yi maganar tafinta da yatsa, yana haɗa baƙaƙe a hankali, ya maimaita sau uku, sannan ya ɗago ya ce, “Malam, ashe ina da ikon in ce ban ji Turanci ba?” Na ce masa yana da shi. Shi ne layin farko da ya karanta da kansa daga farko har ƙarshe.

Ga waɗanda suka wuce matakin koyon baƙaƙe, shagon yana da tsofaffin tambayoyin jarrabawar WAEC da NECO, kuma yana sauko da darussan Jami'ar Karatu Daga Gida, wato NOUN, daga intanet ya buga su. Wannan hidima tana da muhimmanci, domin jami'ar ta buɗe cibiyoyin karatu a wasu gidajen gyaran hali ta kuma yafe wa ɗaurarru kuɗin makaranta, shirin da ya sa UNESCO ta ba Hukumar Gidajen Yarin Najeriya kyautar yaƙi da jahilci ta Confucius a 2018. Amma ɗaurarre ba ya riƙe waya, saboda haka darasin da ba a buga a takarda ba da wuya ya kwana da shi. Sai dai injin fotokwafin ya tsufa, yakan bar baƙin layi a gefen shafi, jadawalin lissafi kuma yakan fito dishi-dishi. Duk wanda zai buga darasi mai lambobi ya nemi a fitar masa kai tsaye daga kwamfuta, ko da ya fi tsada kaɗan.

Farashinsa daidai yake da na maƙwabtansa a fotokwafi, ɗinkin zare kuma ya ɗara na waya kuɗi saboda aikin hannu ne. Yana yi mini ragi idan kwafin ya wuce ashirin, kuma sau biyu ya ba ni bashi har ƙarshen wata da ya ji inda takardun za su. Alkawarin lokaci ne ba a cika riƙewa ba. Idan an ɗauke wuta ba ya tayar da janareto sai aiki ya taru, a lokacin da ɗaliban Kongo suke miƙa kundinsu kuwa, abin da aka ce gobe yana iya kai kwana huɗu. Ranakun shiga gidan gyaran hali ƙayyadaddu ne, in sun wuce sai wani mako, don haka na koyi kai aikina tun da sauran kwana bakwai. Wurin zama benci ɗaya ne, zafi kuma yana da yawa a ɗakin baya lokacin bazara.

Malamin da yake koyarwa a gidan gyaran hali, ko ƙungiyar masallaci ko ta coci da ke son kai littattafai can, ina ba su shawarar su je shagon nan, su faɗa wa Baba tun farko inda kayan za su, su bar masa zaɓin ɗinki da bango. Ɗalibin shari'a ko mai bincike shi ma zai amfana da rahusar na hannu, da sharaɗin ya buɗe shafin farko ya duba shekarar dokar da kuma jihar da ta yi ta kafin ya biya, kada ya dogara da sabuntar bango ko da maganar yaran shago. A makon jiya na kai masa sabon aiki, darussa goma sha biyu a kan yadda ake rubuta wasiƙa zuwa gida da yadda ake lissafin kwanakin da aka ɗage shari'a, kwafi arba'in. Ya ƙirga shafukan, ya ce zaren da ya rage ba zai isa ba sai ya aika Sabon Gari an sayo, in dawo ranar Laraba bayan la'asar.